Neman kalma: me za mu kira wanda kunnensa garau amma karin waƙa ba ya shiga masa?

Assalamu alaikum. Yau da roƙo na zo, musamman wurin malaman Hausa da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Ina shirya ɗan bayanin da za a karanta a rediyo kan yadda ƙwaƙwalwar ɗan'adam ke karɓar waƙa da kiɗa, kuma yau kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tare mini hanya: amusiya. Daga Girkanci aka ƙero ta, kuma wani likita Bajamushe, August Knoblauch, shi ya shigar da ita harshen likitoci a 1888. Abin da ake nufi shi ne mutum kunnensa garau, hankalinsa garau, yana jin sallama daga zaure, yana gane muryar mahaifiyarsa a waya, amma hawa da saukar sautin nan da ke mayar da ƙara ta zama waƙa ba ya kama su.

Ba aiki kaɗai ya sa na damu ba. Autarmu haka take. Tana aji uku a Islamiyya aka cire ta daga sahun masu waƙar walimar sauka, aka ce da gangan take ɓata wa 'yan'uwanta. Ta dawo gida hijabinta jiƙe da hawaye, tana rantsuwa ita daidai take yi. Baitocin kuwa kaf ta haddace su, har ta riga wasu. Bayan shekaru masu yawa, wata Asabar da hantsi, Inna na tankaɗen garin tuwo a tsakar gida tana rera waƙar da ta yi renonmu duka da ita, baki rufe, ba kalmomi. Na tambayi auta wace waƙa ce wannan. Ta ajiye tsintsiyar hannunta, ta kasa kunne sosai, can ta ce, "Yaya, ai wannan nishi ne kawai." Da Inna ta buɗe baki ta faɗi kalmomi uku na farko, nan take ta ƙarasa baitin. Ba likita ne ya sa mata suna ba, ni ne na karanta bayanin abin na gan ta a ciki tsaf. Shi ya sa nake son sunan da zan iya faɗa mata ba tare da ta ji an zage ta ba.

Kafin ku fara kawo shawara, bari in nuna inda abin yake, don sunan ya zauna a muhallinsa. Sauti girgizar iska ce. Ta bugi dodon kunne, wasu 'yan ƙasusuwa uku su miƙa ta ciki zuwa wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wanda in aka warware shi tsawonsa kimanin milimita 35 ne. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a jere, layin ciki kaɗai sun kai 3,500. Waɗanda ke bakin katantanwar su ke amsa siririn sauti, na can ƙurya su amsa mai kauri. Bayyana yadda wannan ke aiki ne ya samo wa Georg von Békésy kyautar Nobel a 1961. Daga nan jijiyar ji ta ɗauki saƙon, ya ratsa tushen ƙwaƙwalwa, ya isa sashen ji da ke daura da kunne. Duk wannan tafiya lafiya lau take a wurin mai amusiya. Tangarɗar tana gaba, a hanyar da ta haɗa sashen ji da gaban ƙwaƙwalwa, musamman ta dama, inda ake riƙe sautin da ya wuce a auna shi da wanda ya biyo baya, a ce wannan ya hau, wannan ya sauka, wannan kuma ba nan ne wurinsa ba.

Masu abin ba su yi ƙarancin da za a bar su ba suna ba. An daɗe ana cewa mutum 4 ne cikin 100, daga wani bincike na 1980 a Ingila. A 2017 Isabelle Peretz ta Jami'ar Montiriyal a Kanada, wadda ta shafe shekaru tana aiki a kai, ita da abokiyar aikinta suka gwada mutum kusan 20,000, suka samu 1.5 cikin 100. A makarantar da ke da yara 600 ana maganar yara tara ke nan. Kuma yana bin jini: a bincikenta na 2007, kashi 39 cikin 100 na dangin jini na kusa na masu abin su ma suna da shi, alhali a sauran gidaje kashi 3 ne kawai.

To, bismilla, ina sauraro. Shawarwarinku sun fara shigowa a rubuce, bari in amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanena da ya ce "rashin jin kiɗa", na gode, shi na fara rubutawa ni ma. Amma faɗe shi da bakinka ka ji. In aka ce malam wane ba ya jin kiɗa, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa abin da zai fahimta shi ne tsantseni ne, ya bari saboda addini, kuma a wurin mutane da yawa yabo ne. "Ji" kalma ce mai faɗi ƙwarai. Muna jin magana, muna jin yunwa, muna jin ƙanshi, muna jin Larabci, yaro ma in ya gagara a ce ba ya ji. Mai sauraron rediyo ba zai san wanne ake nufi ba.

Shi kansa kiɗan ma ba shi ne gurbin ba. Mu ba mu haɗa kiɗa da waƙa a kalma ɗaya ba: kiɗa na hannu ne, waƙa ta baki. Kiɗa kuma ya fi karkata ga bugu da taki, kuma nan ne yawancin masu amusiya ba su da matsala sosai. A 2004 an gwada su a Montiriyal da sautuka biyar a jere. In aka jinkirta ɗaya ko aka gaggauta shi, suna ganewa kamar kowa. In aka ɗaga shi ko aka sauke shi kaɗan, ƙasa da tazarar maɓallai biyu na fiyano, sai su fara cewa ba abin da ya canza. Autarmu a lugude ba wadda ta fi ta, taɓaryarta ba ta taɓa karo da ta wata ba, tafin gaɗa ma haka. In na ce mata ba ta jin kiɗa, ƙarya na yi mata.

Waƙa ma ta yi mana faɗi ta wani gefen, ta yi ƙunci ta wani. Ta yi faɗi domin baitoci da kalmomi duk waƙa ne, su kuma ba abin da ya same su. Ta yi ƙunci domin ba wanda zai kira ƙira'a ko kiran salla waƙa, alhali hawa da saukar murya da ke cikinsu ta wannan hanyar ƙwaƙwalwa suke bi. Yaron da ke kawo harafi daidai, maddi daidai, amma ya kasa ɗaukar muryar malaminsa komai maimaici, ya kamata sunan ya iya rufe shi.

Wanda ya ce mu ari kalmar kawai mu huta, kamar yadda muka ari asibiti da likita, ba na ƙin aro. Sai dai na gwada ta a kan mutum uku jiya, biyu suka ce, "Amosani?" Muna da amosanin jini, amosanin ido, amosanin gaɓɓai. In amusiya ta fita a rediyo da safe, kafin la'asar wani ya fara sayar da maganinta a bakin tasha.

Na dawo daga masallaci na tarar da "kurumtar waƙa" ta fi kowace samun goyon baya. Malam, Allah ya ƙara sani, hujjarka mai ƙarfi ce: kowa ya san kurma, kuma Turawa ma da kurumta suka fara kiran abin. Gaskiya ne, a 1878 Grant Allen ya rubuta labarin wani mutum mai wannan hali, ya kira shi da sunan da ke nufin kurumtar sauti, kuma har yau haka Turawan Ingila ke cewa a maganar yau da kullum. Amma ina roƙon mu yi tunanin uwar da za ta ji kalmar. In ta ji kurumta, kunne za ta nufa. Za ta ɗiga mai, ta sa tsinke, ta kai shi a wanke, a gwada jinsa a ce lafiyarsa ƙalau, ta dawo gida da tabbacin cewa iskanci ne kawai yake yi. Mun mayar da yaron inda aka fara, har da ƙarin shaidar asibiti a kansa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A 2009 Peretz da abokan aikinta sun sa wa masu amusiya hular wayoyin nan da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa, suka kunna musu waƙoƙin da aka karkatar da sauti ɗaya a ciki da rabin tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu maƙwabta na fiyano, abu ɗan mitsitsi. Ƙwaƙwalwarsu ta motsa a daidai wurin, ta ɓangaren dama. Su kuwa ba su san an yi ba. Saƙon ya shigo gida, maigidan ne ba a sanar da shi ba. Wannan ba kurma ba ne, kuma ban ga dalilin da za mu ɗauko kuskuren da wasu suka yi fiye da shekara 140 da suka wuce mu dasa a harshenmu ba, tunda mu yanzu muke farawa.

Malama, Allah ya saka da alheri, kin ba mu rabin amsar. Kari. Ban san yadda aka yi na tsallake ta ba. A aji mun koyi karin sauti: karin sama, karin ƙasa, da faɗau. Da shi muke raba kukan yaro da kukar miya, wuyan da ake sa wa sarƙa da wuyar da ake sha, kai da nake wa magana da kan da ke ciwo. A wajen aji kuma, in aka ce wane ya ari karin waƙar wane ya ɗora nasa baitocin, kowa ya san me aka ara. Kalma ɗaya ta riƙe hawa da saukar murya a magana da kuma a rerawa. Abin da Inna ta yi baki rufe ran nan kari ne zalla, an cire masa kalmomi, kuma shi ne auta ta kira nishi. Na san masana waƙa suna amfani da kari wajen awon gaɓoɓin baiti, amma ba na jin wannan zai ruɗa kowa a nan.

Ɗan'uwan da ya ce Bahaushe ba zai taɓa samun wannan ba tunda da kari yake magana tun yana goye, tambayarka ta yi ma'ana, ni ma na yi ta. An duba ta a wurin masu harshen Mandarin na ƙasar Sin, wanda kari huɗu gare shi. Binciken da aka buga a 2010 ya samu masu amusiya a cikinsu, kuma kusan rabinsu sun sha wuya wajen bambance karin kalmomi idan aka ware kalmar ita kaɗai aka kunna musu. Amma da aka ce su faɗa da bakinsu, daidai suka faɗa. A hira ta yau da kullum abin ba ya fitowa, domin hawa da saukar magana sun fi na waƙa faɗi, ga kuma sauran jimla tana taimako. Ba wanda zai ji "miƙo mini garin kuka" ya tsaya tunanin hawaye. Inda nake sa ran abin zai bayyana a wurinmu shi ne kalangu. Makaɗi na matse igiyoyin a hammata yana sassautawa, fatar na hawa tana sauka, yana faɗin take da kirari ba tare da harafi ko ɗaya ba. Kari ne tsirara. Auta ta taɓa gaya mini cewa in mutane suka ce kalangu ya ce kaza, ɗauka take yi sun riga sun san abin da za a ce ne kawai.

Saura rabin farko. Likita, "dundumin kari" ta burge ni ƙwarai, har na rubuta ta a takarda na ajiye. Mai dundumi ba makaho ba ne, da rana yana ganin komai, duhu ne ke raba shi da hanya. Haka mai amusiya yake jin babban tsalle na sauti, ƙananan ne ke ɓace masa. Kuma kalma ce ta gida, ba ta zagi ba. Abin da ya sa na yi jinkiri shi ne dundumi ciwon ido ne na gaske, cikin ƙwayar idon yake, kuma da yawa ƙarancin sinadarin bitamin A ke kawo shi, a ci ganye da manja da hanta a samu sauƙi. Mun sake nuna wa mutane gaɓar da ba ita ce ke da laifi ba, mun kuma sa musu ran magani a tukunya.

Baba, ranka ya daɗe, da na karanta naka sai da na miƙe tsaye. Makuwa. Ga matasan da suka ce ba su san ta ba: makuwa ita ce mutum ya sauka a tasha ko ya farka daga barci a baƙon wuri, idonsa biyu, yana ganin masallaci, yana ganin bishiya, yana ganin titi, amma gabas ta koma masa yamma. Ba abin da ya sami idon. Komai ya shiga, jera shi ne ya gagara. A nuna masa alƙibla ya bi don ya yarda da mutane, amma a ransa yana jin ba nan ba ce.

Ku dubi yadda ta zauna. Babban abin da ke gagarar mai amusiya shi ne sanin inda sauti ya nufa. A kunna masa biyu a jere a ce na biyun sama ya yi ko ƙasa, sai ya yi ta canka. A 2008 Psyche Loui da abokan aikinta a Bostan ta Amurka suka ƙara abu ɗaya a kan wannan gwaji: bayan tambayar, suka ce wa mutanen su kwaikwayi sautukan da muryarsu. Mutumin da ya kasa cewa sama ne ko ƙasa, sai ga muryarsa ta hau inda aka hau, ta sauka inda aka sauka, ko da ba ta faɗa daidai gurbin ba. Duk wanda makuwa ta taɓa kamawa ya san wannan. Kanka na rantsuwa gida na bayanka, ƙafarka kuwa ta kai ka ƙofar gida.

An kawo suka biyu, kuma duka na gaske ne. Na farko, makuwa takan wuce, a wanke fuska ko rana ta fito gabas ta koma wurinta, wannan kuwa da shi ake haihuwar mutum. Haka ne. Amma amusiyar ma iri biyu ce: akwai ta haihuwa, akwai wadda ke samun mutum daga baya, galibi bayan shanyewar ɓarin jiki da ta taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, kuma wannan wani lokaci takan yi sauƙi. Dole dama mu ƙara kalma mu raba su, sai mu ce makuwar kari ta haihuwa da makuwar kari ta daga baya. Akan samu akasin haka ma, abin da ke nuna hanyar magana da ta waƙa ba ɗaya ba ce gaba ɗaya: Vissarion Shebalin, mai tsara kiɗa a Rasha, bugun jini na 1959 ya raba shi da magana, amma ya ci gaba da tsara kiɗa har rasuwarsa a 1963.

Suka na biyu ya fi damuna. Yawancinmu a waya ba ma sa lanƙwasa a haruffa, kari da ƙari duk ɗaya muke rubuta su, ƙari kuwa a maganar ƙwaƙwalwa kalma ce mai tayar da hankali. Shawarata ita ce a rubuce, a karon farko, a cika ta: makuwar karin sauti. Bayan nan a gajarta. A baki kuwa ba Bahaushen da zai haɗa ka da ƙa.

Don kada kalmar ta zama buhun da ake zuba komai, ga waɗanda ba ta shafa ba. Mai muguwar murya da ya san ya kauce, yana jin kaucewar, maƙogwaro ne ya ƙi ba shi haɗin kai, ba shi da makuwar kari, kuma irinsa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma waɗanda masu bincike a Basalona ta Sifen suka bayyana a 2014: suna gane kari sarai, suna bambance waƙa da waƙa, amma ba ta motsa musu rai ko kaɗan, alhali samun kuɗi na faranta musu kamar kowa. Wannan sunansa daban, sai wata rana. Sannan akwai 'yan ƙalilan da kari bai gagare su ba, bugu ne ba sa iya bi, an bayyana na farkonsu a Montiriyal a 2011. Hajiya ta riga ni, ta ce to wannan makuwar bugu ke nan. Wani kuma ya ce mai kasa gane fuskar mutane alhali idonsa lafiya, makuwar fuska. Ban nemi waɗannan ba, da kansu suka biyo.

Na gwada ta a jimloli kamar yadda Malama ta ce. "Yaron nan ba taurin kai ba ne, makuwar kari gare shi." "Tun da ya yi ciwon nan ya samu makuwar kari, ko taken ƙasa ba ya ganewa sai ya ga an miƙe." "Masu makuwar kari suna haddace baiti kamar kowa." Duka sun zauna a baki. Likita ya ce har yanzu dundumi ta fi masa daɗi, amma ya yarda a tafi da wannan. Malam ya ce zai gwada ta a aji ranar Litinin ya ga ko ɗalibai za su gane ta ba tare da an yi musu bayani ba.

Bayan isha'i na kira auta, yanzu tana gidanta da 'ya'ya biyu. Na karanta mata sakin layin gaba ɗaya, har da maganar hular wayoyi. Ta yi shiru, sannan ta maimaita kalmar sau biyu a hankali, ta ce in sake karanta mata wurin da aka ce ƙwaƙwalwar ta ji amma mai ita bai sani ba. Na sake. Ta tambaye ni ko 'yarta za ta iya gādo, domin bana aka sa ta Islamiyya. Na gaya mata adadin nan na 39 cikin 100, na ce ta sa babanta ya rera mata waƙar da ta sani baki rufe, su ga ko za ta gane. Ta ce gobe za su yi, kuma in yarinyar ta ce nishi ne, ita da kanta za ta je ta sami malamarsu kafin a fara koyon waƙar walima. Ta ce in turo mata kalmar a rubuce, cikakkiya, don ta nuna mata.

Na tura. Ranar Alhamis za a naɗi shirin, kuma makuwar karin sauti ce a takardar.